Ɗan Acaɓan da Ya Ɗauki Alhaji Tasi'u a Saigon

Zafi ya koro kowa tsakar gida. Yaya Barira tana bakin tabarma tana tsefe wa Zulai kai, sauran ƙannenta na ɗakin kawu da na ɗakin gwaggo sun kewaye ta. Ta ce a kashe fitilar wayar nan.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," in ji ta. "Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wanda abin ya same shi yana nan da ransa, a unguwar nan."

Ta rage murya.

Alhaji Tasi'u ne, mai shagon takalma a kasuwar Sabon Gari, wanda gidansa ke bayan injin markaɗe. Kun san tafiyarsa. Ƙirji gaba, hanci sama, kamar ƙasar ma wari take yi masa. Mutumin da in ka yi masa sallama sai ya dubi takalminka kafin ya ga ko ka isa a amsa maka. Ya je Sin, ya je Dubai, ya je Turkiyya. Ko'ina ya dawo, magana ɗaya ce: ba komai a can.

Wata shekara aka ce masa ai takalman da ake yayi yanzu daga Biyetnam ake ɗinko su. Ya taɓe baki. Amma ya yanki tikiti.

Birnin da ya sauka sunansa Saigon. Akwai wani ɗan Tudun Wada a can, Haladu, tare suka yi firamare. Ya daɗe a garin, ya iya yarensu, shi ke yi wa 'yan kasuwarmu jagora. Shi ya je tarbarsa, da 'yar shat da silifa.

"Alhaji, sannu da hanya. Ya iyali?"

Alhaji ya dubi silifan.

"Kai Haladu, haka ka koma? Kamar mai wankin mota."

Haladu ya yi murmushi ya ɗauki jaka. Mai haƙuri ne.

Garin nan, ku sani, babura ne. Ba irin namu ba da za ka ga goma ka ce an yi cunkoso. Can kamar fara ce ta sauka a gona. Maza, mata, tsofaffi, mai goyo, mai ɗauke da firji, kowa a kan babur, kowa ya rufe baki da hanci da ƙyalle, ido kawai kake gani. Ƙarar ba ta yankewa. Ka kwanta da ita, ka tashi da ita.

Ranar farko suka zo tsallaka titi. Haladu ya riƙo hannunsa.

"Alhaji, nan ba a jiran titi ya yi sauƙi, ba zai yi ba. Shiga za ka yi a hankali. Kada ka yi gudu, kada ka ja da baya. Su za su kauce maka."

Alhaji ya fizge hannu.

"Ni za ka koya wa tsallaka titi? Ni da nake tsallaka titin Kwangila tun kana fitsarin kwance?"

Ya ɗaga hannu sama kamar ɗan sandan hanya, ya afka. Bai kai tsakiya ba ya rikice. Ya yi gaba, ya yi baya, babbar rigarsa ta naɗe a madubin wani, hularsa ta karkace. Wata tsohuwa mai tallan 'ya'yan itace, tsawonta bai kai kafaɗarsa ba, ita ta kama hannun rigarsa ta ja shi kamar akuya har bakin titi. Kun san abin da ya yi? Kakkaɓe inda ta taɓa ya yi. Ko kallonta bai yi ba.

Haka ya yi ta yi. Abincinsu, ya ce ruwan wanke-wanke ne da ciyawa. Kujerunsu 'yan gajeru da ake zama a bakin titi, ya ce na 'yan yaye ne. Yarensu, ya ce kukan agwagi. Tsohuwar da ke da masaukin da aka sauke shi, wadda Haladu ke kira Iya, kullum da safe sai ta kawo masa shayi da hannu biyu. Bai taɓa cewa ta gode ba. Shi a ganinsa ai daraja ya yi wa gidan da ya kwana a ciki.

To, zuwansa ya faɗo cikin wani wata nasu.

Da yamma sai ya ga ana fito da faranti ana ajiyewa a ƙasa, ƙofar gida, bakin shago, mahaɗar hanya. Shinkafa, gishiri, gutsuren rake, da wani farin kunu a ƙananan kofuna. A soka turaren tsinke a kunna. Gefe guda ana ƙona takarda a cikin garwa. Ba takarda kawai ba. Riga ta takarda, takalmi na takarda, gida na takarda. Har babur ya gani, girmansa kamar na gaske, an yi masa fenti ja, an sa masa madubi, wani dattijo ya cinna masa wuta yana sunkuyar da kai.

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haladu, waɗannan suna da hankali kuwa? Wa zai hau?"

"Sun ce a wannan watan waɗanda suka mutu ba su da kowa suna fitowa da yunwa. Shi ne ake ajiye musu."

"Kai ma ka yarda?"

"Ni Musulmi ne, Alhaji. Na san wanda ya mutu ya tafi. Amma abincin da aka ajiye a ƙasa da magariba, aka yi kira, aka ce a zo a ci, kai ma ka san akwai masu amsa irin wannan kiran. Ba mu kaɗai Allah ya halitta ba. Ba addininmu ba ne, ba ruwanmu. In ka gani ka kewaye, shi ke nan."

"Zaman garin nan ya cinye maka kai."



Ana nan, ran nan Haladu ya ce zai je tashar jiragen ruwa ya ga kayan wasu mutane, Alhaji ya jira shi a masauki. Shi kuwa Alhaji ya ji ƙishin-ƙishin wani gida a cikin unguwa inda ake ɗinkin takalman, kuma zuciyarsa ta raya masa Haladu ɓoye masa wurin yake don ya ci ta bayansa. Mai raini ai ba ya rasa zargi. Bayan la'asar ya sa farar shaddarsa, ya sa takalminsa baƙi mai ƙyalli, ya fito.

Iya tana ƙofa. Ta dubi sama, hadari ya fara haɗuwa. Ta miƙo masa ɗan katin da ke da adireshin gidan, ta nuna masa da hannu ya sa a aljihu. Ya ɗaga mata wayarsa, wato taswira na ciki. Ya wuce ya bar ta da hannu a miƙe.

Abin da bai sani ba, garin nan biyu ne. Akwai na manyan tituna, wanda baƙo ke gani. Akwai na lunguna. Mutanen garin suna ce wa lungun hem. Lungu ne a cikin lungu a cikin lungu, kamar hanjin kaza. Lambar gida ma haka take: lamba, a ja sanda, wata lamba, a ja sanda, wata lamba. Kowace sanda lungu ce. In ka ga sandunan sun yi yawa, ka yi nisa da duniya.

Alhaji ya shiga na farko. Faɗinsa mota za ta wuce. Ya shiga na biyu, sai babur. Na uku, kafaɗunsa suna gogar bango. Sama wayoyin lantarki sun yi saƙa, da shanya, ba ka ganin gari sai ɗan tsaga. Ƙofofi a buɗe, mutane na cin abinci a ƙasa, suna ɗago kai su dube shi ya wuce.

Ya duba waya. Ɗigon da ke nuna inda yake ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, ya tsallaka can, ya dawo. Sai fuskar wayar ta yi baƙi.

Matambayi ba ya ɓata. Amma Alhaji Tasi'u ya tsaya ya tambayi waɗannan? Wani tela ya fito daga shagonsa ya yi masa alama da hannu, ina za ka? Alhaji ya kau da kai. Ya yi dama. Ya yi hagu. Ya sake ganin telan. Ya sake kau da kai.

Gari ya fara rufawa. Lokacin magariba ya yi, ba kiran salla, ba inda zai ji. Gumi ya jiƙa masa shadda. Ransa ya ɓaci, kuma irinsu in ransu ya ɓaci ba kansu suke zargi ba.

Sai ga faranti a tsakiyar lungu.

Akwai wurin kewayewa. Kaɗan ne, amma akwai. Kofunan kunu a jere, turare na hayaƙi miƙe kamar zare. Alhaji ya tsaya. Ya yi tsaki. Ya sa ƙafa ya yi fatali da shi.

Kofuna suka tarwatse. Kunu ya fantsama a kan takalminsa.

Turaren ya mutu. Ba na farantin kaɗai ba. Duk na lungun, gaba da baya, lokaci ɗaya.

Wata mata da ke zaune a bakin ƙofarta ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta ja ɗanta ciki. Ƙofa ta rufe. Ta kusa da ita ta rufe. Haka, haka, har ƙarshen lungun.

Sannan ya lura da shirun.

Ƙarar baburan nan da ba ta taɓa yankewa ba tun da ya sauka a garin, babu ita. Kamar an toshe masa kunne da auduga. Numfashinsa kaɗai yake ji.

"Alhaji Tasi'u."

Daga bayansa.

Ya juya. Babur ne ja, sabo fil, a tsaye dab da shi. Bai ji zuwansa ba. Mai babur ɗin siriri ne, da hular kwano, da ƙyalle a fuska irin na kowa. Rigarsa fara ce, ta sha guga har karin ya tsaya kamar wuƙa.

"Hau."

Da Hausa. Hausa tsantsa, ta Zazzau.

Ku da kuke da hankali, da me za ku fara ji? Tsoro. Shi daɗi ya ji. A ransa ya ce, yauwa, ashe har nan an san ni.

"Kai ɗan ina ne?"

"Nan."

"Haladu ya turo ka?"

"Hau."

"Ka san masaukina?"

"Na san ko'ina."

Ya miƙo masa hular kwano. Alhaji ya karɓa. Ba nauyi ko kaɗan, kamar busasshiyar ƙwarya. Ya ce a ransa, kayan garin nan duk jabu ne. Ya kifa ta a kan hularsa, ya tattare riga, ya hau. Ko bisimilla bai yi ba.

Suka tafi.

Da farko bai lura da komai ba sai saurin. Bango na wucewa ta dama da hagu, gwiwoyinsa na kusan gogawa, amma ba su taɓa ba. Can sai ya ji wani abu ya ɓace. Ya yi tunani. Babur ai yana karkarwa a ƙarƙashin mutum. Wannan ba ya yi. Ba ƙugin inji. Ba zafin salansa a ƙafa. Ba warin mai. Wari ɗaya ne, na ƙonanniyar takarda.

Ya dafa kafaɗar mutumin. Rigar ta yi ƙara, ƙaras, kamar an taɓa buhun siminti. Ƙarƙashinta sanyi.

Ya janye hannu.

"Kai, hanyar nan ba ita ba ce."

"Ita ce."

"Na ce babban titi za ka fitar da ni."

"Ba komai a can."

Maganar ta yi masa kama da wadda ya sani. Ba maganar kaɗai ba. Muryar. Ya taɓa jin ta. Ina? A waya, in ya sake sauraron saƙon da ya tura wa yaran shago. Muryarsa ce. Tasa ta kansa, har da ɗan kaurin nan na hanci.

Ya sa hannu a maƙogwaronsa.

"Wane ne kai?"

"Mai wankin mota."

Maƙogwaron ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa. Bakinsa a rufe yake, amma maƙogwaron ya motsa. Abin nan ba shi da muryar kansa. Ara yake yi.

Suka iso wata mahaɗa. Babur ɗin ya tsaya cak, kamar mai shi yana saurare. Bai sauke ƙafa ba. Babur a tsaye, mutum biyu a kai, ba wanda ya taka ƙasa, bai karkata ba.

Sai a lokacin Alhaji ya dubi takalmin. Shi da ba ya amsa sallama sai ya duba, yau ya hau bayan mutum bai duba ba. Ya leƙa.

Takalmin takarda ne, an zana masa igiya da alƙalami. Dunduniya tana gaba. Yatsun suna kallon Alhaji.

Ya yunƙura zai dira. Cinyoyinsa sun manne da kujera kamar an shafa gam. Ya kama hular kwano zai cire. Ta kama kansa.

Mai babur ɗin ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadari ya yi baƙi ƙirin. Ya ja suka tafi, sauri ya ƙaru.

Alhaji ya ce bari ya ja Ayatul Kursiyyu. Mutumin da ke tsayawa bayan salla yana gyara wa liman karatu. Ya buɗe baki, farkon ayar ya ɓace masa. Ya kamo tsakiya, ta suɓuce. Ya koma Ƙulhuwallahu, ita ma ta ƙi. Da karatu ya ƙi, sai ya koma abin da ya iya.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Baƙo."

"Ina za ka kai ni?"

"Cin abinci."

"Na ƙoshi."

"Mu ba mu ƙoshi ba."

Lungun ya miƙe, ya yi tsawo. Babu ƙofa kuma, babu taga, bango ne kawai baƙi da gansakuka. Can ƙarshe akwai haske, ja-ja, kamar na garwashi.

Ya gan su.

Dogon teburi ne mai gajerun ƙafafu. Kewaye da shi 'yan kujerun nan da ya ce na 'yan yaye ne. Kowace da mai ita. Sun ba shi baya. Wuyansu siriri kamar kara, kansu a sunkuye, kowanne da kwano a gabansa. Kwanukan babu komai. Ba mai motsi. Ba mai magana.

Ya nemi kujerar da aka bar masa. Babu. Duk a cike suke. Tsakiyar teburin ne aka share, aka bar fili, tsawon mutum.

Sai ɗaya ya fara juyo da kai. A hankali. Na kusa da shi ma ya fara.

Nan girman kai ya ƙare. Abin da ya fito daga bakin Alhaji ba aya ba ce, ba addu'ar da malamai ke koyarwa ba ce. Kuka ne irin na yaro.

"Wayyo Allah! Ya Allah!"

Ɗigo ɗaya ya faɗo a kan tankin babur ɗin. Tas. Wurin ya yi duhu, ya lotsa.

Wani ɗigon. Wani.

Mai babur ɗin ya sunkuya, ya ƙara wuta. Saura kaɗan su isa. Sai sama ta tsage.

Ruwan garin nan ba ya sallama. Kamar an kifar da randa yake sauka. Alhaji ya ji kujerar ta yi laushi a ƙarƙashinsa. Jan fentin ya narke yana bin farar shaddarsa. Madubi ya lanƙwashe ya faɗi. Tayar gaba ta naɗe kamar tabarma. Babur ɗin ya durƙushe, tsinkayen gora suka ɓullo ta cikinsa, Alhaji ya ji shi tim a ƙasa cikin ruwan kwata.

Ƙafafunsa sun saku.

Kada wanda ya ce muku dabararsa ce, ko jarumtarsa, ko karatunsa. Allah ne ya ji ƙansa, ya saukar da ruwa. Shi abin da ya yi kawai gudu ne.

Amma kafin ya tashi ya ɗaga ido sau ɗaya. Mutumin yana tsaye a kansa. Rigar tana saɓulewa yanki-yanki. Ƙyallen fuskar ya jiƙe ya zame. Ƙarƙashinsa ba baki, ba hanci. Sumul, kamar bayan ludayi.

Maƙogwaron Alhaji ya motsa.

"Riƙe hular. Ba ka san hanya ba. Zan raka ka."

Ya zura da gudu. Takalmin dama ya fita, bai tsaya ba. Na hagu ya fita. Ya bugi bango, ya faɗi, ya tashi. Bai san dama ba, bai san hagu ba. Can sai ƙara ta dawo masa gaba ɗaya, ƙaho, inji, hayaniya, kamar an cire masa audugar. Ga babban titi. Ga fitilu. Ga babura cikin rigunan ruwa.

Wata mai sayar da miyar taliya a ƙarƙashin rumfa ita ta gan shi, ƙato, ba takalmi, riga ja kamar an yanka rago a jikinsa, yana kuka. Ba ta gudu ba. Ta jawo shi, ta zaunar da shi a 'yar kujerar nan. Ya zauna kuwa, gwiwoyi har haɓa. Ta ba shi ruwan zafi. Ta karɓi wayarsa ta jona a wuta, ta kama. Ya nuna mata sunan Haladu, ita ta kira shi ta yi masa kwatance da yarensu.

Haladu ya daɗe kafin ya iso. Da ya zo, ya tsaya yana kallonsa.

"Alhaji, ya aka yi ka zo nan? Ka tsallake kogi fa. Wannan wajen gari ne."



Haladu ya kai hannu kan Alhaji. Hular kwanon ta zama jiƙaƙƙiyar takarda, ta manne. Ya ɓare ta a hankali, ta taho da hular ƙasan. Gashin da ke ƙarƙashi, wanda da safe baƙi ne, ya koma kalar toka.

Haladu ya ce masa ya hau babur su tafi. Alhaji ya rungume ƙafar teburi. Sai mota aka nemo.

Da suka isa masauki Iya tana zaune tana jira. Ta tashi. Ba Alhaji ta kalla ba. Bayan kafaɗarsa ta hagu ta kalla, ta daɗe. Ta shiga ciki. Ta fito da shayi a faranti, ta ba Haladu nasa a hannu, ta ajiye kofi biyu a gaban Alhaji. Ta faɗi wata magana a hankali.

"Me ta ce?"

Haladu ya dubi ƙasa.

"Haladu, don Allah me ta ce?"

Ranar ya fara haɗa Haladu da Allah.

"Ta ce abokin tafiyarka ma ya jiƙe."

Bai sayi takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Jirgin da ya fara samu shi ya hau.

Za ku ce ya dawo ya gyaru. Ina! Hali zanen dutse. Da aka je yi masa sannu da zuwa aka tambaye shi ya garin, ya gyara zama ya ce matsafa ne kawai da ƙazanta. Matar da ta ba shi ruwan zafi bai ambace ta ba. Tsohuwar da ta tsallakar da shi titi bai ambace ta ba. Haladu ma cewa ya yi shi ya yi sakaci ya bar shi shi kaɗai. Labarin nan da kuke ji, sai da Haladu ya zo ganin gida aka san shi, sauran kuma daga bakin matar Alhajin ya fito, ita ta faɗa wa Inna.

An yi masa ruƙiyya. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Malamai sun yi iya yinsu. Abin ya lafa, bai tafi ba.

Ku lura da shi a masallaci. Sahu ya cika ya batse, amma hagunsa akwai gurbin mutum ɗaya. Ba wanda ya ce a bari. Kowa ya zo zai tsaya sai ya ji ya matsa gaba. Mai adaidaita in ya ɗauke shi, sai ya ce wa fasinja na gaba ya cika, alhali Alhaji ne da mutum ɗaya a baya.

Kuma tun daga ranar bai sake ɓata ba. Ko garin da bai taɓa zuwa ba ne. Yana tafiya, baki a rufe, sai ka ji daga wuyansa, ƙasa-ƙasa: dama. Hagu. Miƙe. Kuma daidai ne, bai taɓa kuskure ba. Shi har alfahari yake yi da abin, wai Allah ya ba shi sanin hanya. Ka ji wawa.

Abin da ba ya faɗa, matarsa ta faɗa. Ta ce yana barci ma abin ba ya yin shiru. Dama. Hagu. Hagu. Ƙafafunsa na motsi a ƙarƙashin bargo kamar mai tafiya. Da, in ya yi ta yi sai ya yi tsit. Amma tun bara, ta ce, an ƙara kalma biyu a ƙarshe.

Yaya Barira ta tsaya. Ta zare tsinken tsifa daga kan Zulai.

"Wace kalma, Yaya?" in ji Zulai.

"Mun kusa."



"To ku ji da kyau," in ji Yaya Barira. "Duniya da faɗi, wata rana wani cikinku zai je garin da ba a jin yarensa. In mai gari ya ce kewaye, ka kewaye. Abin da ka gani a ƙasa, ba kai ka ajiye ba, ba kai za ka zubar ba. Lungun da ba ka sani ba, kada ka shige shi kai kaɗai in rana ta yi ja. In kuma ka ji an kira sunanka da Hausa a inda ba wanda ya san uwarka, kada daɗi ya kama ka. Dubi ƙafa tukuna."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Ku tashi haka nan. Mai zagayawa bayan gida ya nemi ɗan rakiya, ni kam ba ni zuwa."